Iskar Wata Biyar

Kafin in sha shayi nakan leƙa ganyen kwakwa.
In bakinsu kawai ke rawa, sai in koma tabarma.
In ko sun kife gaba ɗaya wajen arewa,
to, in nemo galan in shayar da inji.

Tafkinmu na Kalpitiya ɗan teku ne da aka yaye:
gishirin uwarsa na bakinsa,
fushinta bai biyo shi ba.
Siririn tudun yashi ne ya shiga tsakani.
Can baya tana rugugi, tana dukan gaɓa,
shi ko yana kwance sumul kamar faranti,
nan iya ƙugu, can iya gwiwa,
ƙasansa taɓo da ɓawon kawa
mai tsaga tafin ƙafa ba sallama.

A watan Mayu take tasowa daga kudu maso yamma.
Sunan da babana Sellamarikkar ya raɗa mata
ba ya faɗuwa a gaban yara.
Wata biyar kwalekwale a kife,
koma a rataye, bashi a kantin Anthonipillai,
shinkafa da romon albasa.
Yau ita ɗin ce dai ke kiran baƙi,
su hura laima, su miƙe zare huɗu,
su ɗaura a ƙugu, su taka allo,
su ba ta wuya ta ja.
Wadda ta kife mana tukunya ita ke ɗora ta.
Baba ya ce shi bai yafe ba tukuna.

Da hantsi gardama gare ta,
ta fizga, ta saki, ta sake fizga.
Sai bayan azahar take tsayar da magana.
In ruwa ya yi duhu a gabanka yana yamutsa fuska,
bugu ne ke tafe: sassauta hannu.
In kumfa ta fito kamar an watsa auduga,
ɗauki ƙaramar laima, ajiye girman kai.
In ruwa na janyewa, kauce wa mashigi,
yana da hannu ta ƙasa.

Ran Laraba akwai wata, Wiebke,
likitar haƙori daga Jamus.
Ta nuna min waya: iska har magariba.
Na dubi hankaka a kan turke, ba ya ko gyara tsayuwa,
jakunan kan tudu sun daina ba kudu baya.
Na ce, yau da wuri za ta tashi aiki.
Ta yi dariya, ta tafi,
ja da rawaya, tana yanka ruwa,
ta ɗaga sama har na hangi cikin allon.

Huɗu da rabi sai ɗif.
Laima ta zube kamar wankin da igiya ta saki.
Na iske ta nesa, wajen tarun masu ƙaguwa,
zare ya naɗe mata idon sawu,
tana zagi da harshen garinsu.
Na tsamo ta, na tsamo laima, nauyin ruwa ya fi nata.

Ta ce, wa ya gaya maka?
Na kai ta gida.
Baba na zaune ƙarƙashin wata yagaggiyar laima
da ya ɗinke ya kafa wa busasshen kifi,
don hankaki, in ji shi, ba don so ba.
Ya daɗe yana kallon ƙafarta mai jini.
Ya ce, Rifkhan, tambaye ta,
in ta ɗauke ta sama, me take ji?

Ta yi tunani. Ta ce, shiru.

Baba ya juya kifi ɗaya, ya juya na biyu.
Ya ce, shekara sittin muna tare,
ni ba ta taɓa yi min shiru ba.