Kwalba Biyu

Ranar Laraba, darasi na uku, a Hull,
ruwan sama na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi,
na dire kwalba biyu a kan tebur,
kowace da ma'aunin zafi a cikinta.
Ta hagu, iskar da muke shaƙa ce kawai.
Ta dama, na ɗura mata irin wadda gawayi ke amayarwa.

Na kunna fitila a kansu, na ce, "Ga rana."
Yara talatin suka tuntsire da dariya,
don a garin nan rana baƙuwa ce
mai leƙowa ta wuce, ko ruwa ba ta tsayawa sha.

Minti goma. Keeley ta karanto:
hagu ashirin da huɗu, dama ashirin da shida.
"Biyu kacal?" in ji Marek, yana hamma.
Na ce, "Ranar da jikinka ya hau da biyu,
uwarka ba ta runtsawa,
kwana take a kanka da tsumma da ruwa."

Sai Declan, can kujerar baya,
wanda tun farkon zango ban san muryarsa ba,
ya ce, idonsa a kan takalminsa,
"Babana tankar mai yake tuƙawa.
Ƙarfe huɗu na asuba yake fita.
Ke nan shi ya ɓata duniya?"

Alƙalamin allo ya sandare a hannuna.
Jagoran malami bai tanadi wannan shafin ba.

Na ce, "Nawa uban masunci ne a Baga.
Ya kafa turken jirginsa a bakin tafki,
shekaru suka juya, turke na nan, jirgi na nan,
ruwa ne ya yi ƙaura babu sallama.
Masana na ta gardama kan rabon laifi:
na fari nawa, na noman rani nawa, na zafi nawa.
Shi dai ya naɗe komarsa ya koma shuka wake
a inda dā yake kama giwan ruwa.
Har ya rasu bai mallaki ko babur ba.
Ni kuwa 'yarsa, duk Disamba ina cikin jirgin sama,
awa shida ina turara sararin Allah
don in ci tuwon uwata.
In mai laifi kake nema, fara da malamarka.

Wutar nan hannu da yawa suka hura ta, Declan,
amma ba ƙarfi ɗaya ba:
wani da baki, wani da mafici,
wani kuwa maƙerar ma tasa ce.
Babanka itace aka ɗora masa ya kai,
don ku samu na sa wa a baka."

Keeley ta ce kakarta na Withernsea,
lambunta dā kunya bakwai ne na kabeji,
yanzu saura uku, sauran teku ta haɗiye.
Na ce, "Tekun nan ta daɗe tana gatsar gaɓa,
tun ba a ƙera injin farko ba.
Mu dai tsawo muke ƙara mata, da yunwa."
A raina na ce: can ruwa ya guje mu,
nan kuma ya biyo mu har ƙofar gida.

Ƙararrawa ta kaɗa, aji ya watse.
Declan ya tsaya. Shi ya kashe fitilar.
Ya ce, "In an buɗe murfin, za ta huce?"
Na ce, "Gwada."
Ban gaya masa duniya ba ta da murfi ba,
wannan darasin mako mai zuwa ne,
kuma ni kaina ban gama shirya shi ba.

Muka zuba wa jan layin ido, yana sauka
a hankali, kamar tsoho a kan tsani.
Ya rubuta lambobin a bayan hannunsa,
ya ja hannun riga ya rufe, kada ruwa ya wanke,
ya ce babansa na son lissafi.