Ladan Faɗuwa

A bayan garejin Modi, can Runjin Sambo,
muka ɗaure igiyar rijiya a turaku huɗu,
katifun haya shida, tamfol a bisa.
Shiga ɗari biyu. Yaran kan katanga, kyauta.

Ni ne Damisar Gwiwa, haka allo ya ce.
Da rana facin taya nake.
Ƙanwata ta ɗinka min fuska da tsohon zane,
idon hagu ya fi na dama faɗi.

Tun la'asar muka ƙulla da Bagudu,
muna cin ƙosai a takarda guda:
"Shaƙe ni sau biyu, in ɗaga ka, ka faɗi.
Lallaɓa ƙuguna, jiya na yi dakon albasa."

Janareta ya yi tari, ya tashi.
Shi kirari, ni ihu.
Wata tsohuwa mai gyaɗa ta jefe ni da takalmi,
duk daren nan ita kaɗai ta ji min ciwo.

Ya cilla ni sama. Na ga wata, na ga wayar lantarki,
sai katifa ta biyar, wadda sosonta ya mutu.
Alƙali ya ƙirga uku.
Bagudu ya raɗa min, "Sannu. Ka iya faɗuwa."

Dubu da ɗari biyar, da man zafi.
Na cire fuska, na kai wa tsohuwa takalminta.
Ta ce, "Yaro, ka ga yadda anka yi da mugun ga?"
Na ce, "Na gani, Inna."
Ta cika min hannu da gyaɗa.