Ɗigo a Tsakiyar Kalma

A Aboabo, saman shagon mai gyaran fanka,
nan nake sayar da Faransanci, layi sidi goma.
Shekara shida na yi a Bobo wajen kawuna,
abin da na dawo da shi ke nan,
sai tabon salansa a ƙwauri.

Ran Talata Mma Zinatu ta hawo bene tana haki.
Ƙungiyarsu ta maɗinka na son shafi,
don mutanen Abijan da Lome su san da su
tun kafin mota ta sauke su a Kejetiya.
Ku nawa ne? Mata goma sha tara, in ji ta,
sai Baba Ɗantani mai sa maɓalli,
wanda ido ya fara yi wa gardama.

Na rubuta, na karanta, ta ce, juya min.
Na ce, Mma, a harshen nan
in namiji ɗaya ya zauna cikin taron mata
sunan taron duka nasa ne.

Ta sauke jaka daga kafaɗa.
Wato Ɗantani ya haɗiye mu?
Mutumin da ni ke zura masa zare a allura?

Akwai dabara, na ce, can ma ba su gama faɗa a kanta ba:
a ɗiga ɗigo a tsakiyar kalma,
a liƙa harafin mata a bayansa,
kamar ƙarin da kuke wa zane in bai zagaye ƙugu ba.
Ta ce, ɗiga.

Mako uku wayarta ko tari.

Na tambayi injin bincike inda ya kai su.
Shafi na tara,
ƙarƙashin wani mai tsofaffin tayu a Kwatano.
Injin nan ba ya ƙin kowa, ba ya son kowa,
ɗan kamasho ne a bakin tasha,
garin da fasinja suka fi kira shi yake kira.
Wa zai nemi ɗigo da babban yatsa
mota na tsalle a hanyar Elubo?
Tela suke bugawa, namiji, yadda baki ya saba.
Tamu kalmar kuwa ya gutsure ta a kan ɗigon,
ya riƙe kai, ya yar da wutsiya.

Da dare wuta ta ɗauke, na zauna da sauro.
Mu ma ai muna rabawa:
kai da ke, shi da ita,
tukunya mace, tulu namiji, ban san wa ya raba musu ba.
Amma da an taru shi ke nan.
Sannunku.
Zaure ne mai faɗi, ba a duba kallabi ko hula.
Na nemi irinsa a ƙamus har batir ya mutu.

Da safe na goge ɗigon.
Na rubuta kalmar mata cikakkiya, ita a gaba,
sannan “da”,
sannan ta maza.
Take ya yi tsawo kamar layin koko,
na ƙi karɓar kuɗin ƙarin.

Yanzu suna shafi na biyu.
Mma ta ce, wato bayan kasuwa.
Na ce, bayan kasuwa mai ƙofa.

Jiya wata ta kira daga Lome, riga goma sha biyu na biki,
ta ce a ba ta maigidan wurin.
Mma ta sauya wayar daga kunnen dama zuwa na hagu,
ta ce, ga shi, ina ji.

Baba Ɗantani ya matso da ido jikin gilashi,
ya ce, ni ina nake?
Na nuna masa: nan, bayan “da”.
Ya daɗe yana kallo.
Ya ce, to, akwai inuwa,
ya miƙa wa Mma allura.