Ba Iska Ba Ce, Tatay

Ranar da na ajiye aiki
sun kawo kek mai siffar zuciya,
ja wur, sukari har wuya.
Na ci yanka biyu,
ni da na shekara talatin ina hana mutane.

Na sauka Stockton da akwati ɗaya
da takardar jinya daga Iloilo.
Aikin dare, hawa na huɗu,
takalmi yana cizon ƙafa,
rabin albashi yana haye teku duk wata.

Mahaifina ya biyo ni daga baya.
Tatay Ambo, mai busasshen kifi da asuba,
shinkafa sau uku, in ba haka ba bai ci abinci ba.
Wata Lahadi ya dafe ƙirji a bakin ƙofa,
ya ce, "Iska ce, Estrella, kar ki tayar da maƙwabta."
Ni da ke sauraren ƙirjin baƙi har gari ya waye,
na yarda.
Kafin motar asibiti ta karyo kwanarmu
iskar ta tafi da shi.

Na koma aji da furfura a goshi.
Na bi littattafai shafi-shafi ina neman mu,
sai na tarar an zuba mu kwando ɗaya da rabin duniya,
an rubuta Asiya, an ɗaure baki.
Wanda ba a ƙirga ba,
wa zai san ya ragu?

Sai na rataya abin awon jini a kafaɗa.
Zauren coci bayan addu'a,
shagon aski, gidan rawar tsofaffi,
bikin da ake yi wa mai ƙin ƙari kallon mai raini.
Aling Sinang ta miƙo hannu tana hararata:
"Aiki biyu nake yi, yaushe na sami lokacin ciwo?"
Ɗari da saba'in bisa ɗari.
Na nuna mata lamba,
ta nuna mini hoton jikanta.

A nan na gane
ba a raba mutum da tukunyar uwarsa,
balle wanda ita kaɗai ta rage masa daga gida.
Na daina cewa bari, na koma cewa rage.
Lemon tsami ya karɓi rabin aikin gishiri,
tafarnuwa ta rufa asiri.
Wasu sun ji. Wasu na je jana'izarsu
na zauna a kujerar baya.

Ɗalibaina suna kirana Farfesa Dimaano,
suna jiran manyan kalmomi.
Nakan ce: kafin ku ɗaura abin awo,
ku tambayi wa ya dafa na jiya,
wa ake aika wa kuɗi,
awa nawa aka yi barci.
Zuciya ba ta ɗaukar jini kaɗai.

Takarduna suna can a kan kanta, ƙura na karanta wasu.
Amma Sinang ta kai tamanin da huɗu.
Ita ta kawo kek ɗin,
tana rantsuwa ta rage sukari.

Yanzu dare ya raba, gida tsit.
Na ɗora abin saurare a ƙirjina,
sanyinsa ya ratsa riga.
Tana nan tana daka, a hankali, kamar ta gaji.
Ba iska ba ce, Tatay.
Na makara, amma na gaya wa sauran.