Rundunar Cikin Soso

Ladidi ta sauko daga mashin da la'asar sakaliya,
'yar ƙanena, mai aiki a ɗakin bincike a Marwa.
Ta miƙo mini leda, a ciki soso ne jiƙaƙƙe,
bai cika tafin hannu ba.
Ta ce, "Baffa, riƙe da kyau, kar rana ta gan su."
Na ce, su wa?

Na juya shi, na shinshina: ƙanshin ƙasa bayan yayyafi.
Shekara talatin da ɗaya ina noman albasa a Meskin,
gaɓar Mayo Tsanaga ta san sawuna,
ban taɓa jin an kawo sojan haya a leda ba.

Amma bana gwazarma ta ci ni.
Da safe ganye a tsaye, kore shar,
kafin azahar ya sunkuyar da kai.
In ka ja, ya biyo hannunka ba gardama,
babu saiwa.
Ɓarauniyar tana ƙasa, fara, a naɗe,
ta ƙoshi, tana barci a kan jarina.

Na yi feshi. Kwalba uku, sefa jaka tara,
har tari ya tare a ƙirjina kamar ɗan haya.
Kwaɗin magudana suka yi shiru,
tana ta yi ƙaura,
ita kuwa ko gezau.

Ladidi ta matse ɗigo ɗaya a kan gilashi,
ta ɗora madubinta, ta ce in rufe ido guda.
Subhanallahi.
Silin zare ne farare, ba su ƙirguwa,
suna murɗawa a cikin ɗigon da bai isa jiƙa leɓe ba.

"Ba baƙi ba ne, Baffa.
Ƙarƙashin wani mangwaro muka tono su.
Ba ruwansu da ganye, ba ruwansu da kai ko akuyarka.
Gwazarma suke bi. Su shige ta,
su sauke mata ajalin da suka goyo,
su haihu a cikin gawarta,
'ya'yan su fito neman wata."

Sharaɗi biyu ta kafa:
ƙasa ta sha ruwa tukuna,
kuma sai rana ta faɗi.

Muka wanke rabin soso a bokiti,
muka bi kwami shida ana kiran magariba,
ina zuba ruwan da ido bai ga komai a cikinsa ba,
Bakari na leƙe ta kan shinge yana ƙunshe dariya.
Ta bar mini sauran. "Gobe war haka."

Gobe kuwa Litinin ce, kasuwa na jirana.
Na ce, abin da ke kayar da gwazarma
hantsi ne zai ba shi tsoro?
Na watsa su ƙasa na turiri,
na ɗaura buhu, na tafi.

Kwana biyar na sa fartanya.
A kwamin magariba, ga ta can,
ta yi ja kamar tukar goro,
ba wari, ba motsi.
Na tono bakwai, duk kamarsu ɗaya.
A kwamin hantsi
sai ta dube ni, fara tas, ta ƙara ƙiba.

Ni na kashe su. Runduna guda,
don sauri na kai albasar bara kasuwa.

Da Ladidi ta dawo ta bi kwami ɗaya bayan ɗaya,
ta tsaya a inda ganye ya kwanta,
ta rubuta wani abu a littafinta.
Ba ta tambaye ni ba. Ban faɗa ba.

Yanzu in yamma ta yi ina ba ƙasa ruwa
ko albasa ba ta nema ba,
don akwai masu gadi a ƙasa da ba su da inuwa sai danshi.
Ina taka kunya a hankali.

Jiya Bakari ya zo da tsohon soson wanka,
wai in sa baki a zuba masa.
Muna tsaye, daga can ƙarshen magudana
kwaɗo ɗaya ya gwada murya,
ya yi shiru,
ya sake.