Wutsiyar Haya

A Panteka na karɓo ta,
'yar tirela mai ƙafa biyu,
fentinta ya koɗe, gefenta ya lotsa.
Barau mai haya ya tsuguna bayan jif ɗina,
ya kifa bakinta kan ƙwallon ƙarfe,
ya gitta sarƙa biyu a ƙasa,
ya ce, "Taka birki in gani."
Fitila ɗaya ta kama, ɗayar ta yi gum.
Ya fere wayar da haƙori, ya murɗa, ta kawo.
"Ka taɓa ja?"
Na ce, "Shekara sha tara ina tuƙi."
Ya ce, "Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Tudun Wada, shagon Baba.
Wata bakwai ƙofar tana garƙame,
mai gida ya yi haƙuri har haƙurin ya ƙare.
Muka ɗora bencin aikinsa,
da injin yankan da ya girme ni,
zarto uku, gwangwanin ƙusa,
da wata ƙofar maɗaci da ya fara bai gama ba,
layin fensirinsa yana nan a jikinta.
Kallamu ƙanena ya ja nauyin gaba,
don Barau ya ce in ya yi baya za ta yi mini rawa.

Muka hau baifas.
Motar da na sani kamar tafin hannuna
yau ta zama baƙuwa, tana nishi,
sai na lallashe ta kafin ta tashi,
sai na roƙe ta tun daga nesa kafin ta tsaya.
Duk ramin da na faɗa, sau biyu nake jinsa:
nawa tukuna,
sai numfashi ɗaya,
sai nata, kwaram, da ƙusoshin Baba suna amsawa.
In na dubi madubi gabana ya faɗi,
wane ne wannan ya manne mini haka?
Sai in tuna ni na ɗaure shi.

Wajen Kurmin Mashi tankar mai ta wuce mu,
iskarta ta mari wutsiyar,
ta kaɗa hagu, ta kaɗa dama, ta fara jan ƙuguna.
Ƙafata ta nufi birki.
Kallamu ya ce, "Kul! Saki totur kawai."
Na saki. Na riƙe. Na yi salati.
Ta daidaita don kanta, kamar ba ita ba.

A Mando aka yi ta.
Lungunmu ba ya shiguwa sai da baya.
Na murza dama, ta yi hagu,
na murza hagu, ta nufi kwata,
na uku ta naɗe kamar askar wanzami
har ta kusa sumbatar fitilata.
Yara sun taru, mai shayi ya bar tukunya,
kowa direba ne in ba shi ke riƙe da sitiyari ba.
Sai tsoho Dantala, da ya ƙare ƙuruciya a hanyar Legas,
ya taso daga tabarmarsa, ya leƙo taga.
"Sa hannunka a ƙasan sitiyarin.
Inda kake so ta je, can za ka kai hannun.
Kaɗan-kaɗan. Ba a yi wa na baya gaggawa."
Ta shiga.

La'asar na mayar wa Barau kayarsa.
Ya ƙirga sarƙa, ya doki taya da ƙafa, ya ba ni katina.
Na kamo hanyar gida, mota sakayau,
amma ina ta buɗe kwana,
ina barin fili ga abin da babu.
Na faɗa rami gaban gidan mai,
na kasa kunne,
ina jiran na biyun.