Ranar da Na Kusa Cin Nomau

La'asar ta yi, zafi bai sauka ba,
bedin ƙofar gidan Jadi ko ganye ɗaya bai kaɗa ba,
kuran ya ɗauke tun hantsi, har yanzu bai dawo ba.
Mu huɗu a kan buhu,
kowa da guntun kwali yana fifita, gumi na tsiyayowa.

Lawali ya hura gawayi a furno,
ya ɗora buta, ya yi rowar sukari yadda ya saba.
Nomau ya share ƙasa da tafin hannu,
ya tona gurabe da yatsa, shida-shida, sahu biyar.
Shi da tsakuwa, ni da karan dawa.

Shekara tara muna dara a gindin bedin nan,
ban taɓa cin sa ba, ko sau ɗaya.
Tela ne, mai zura zare a kafar allura da magariba,
to ina ramin da zai ɓoye wa idonsa?
In ya cinye ni sai ya karkaɗe wando,
ya ce in gaida gida, yana murmusawa.

Amma yau ban san abin da ya same shi ba.
Ko zafin ne, ko bashin atamfar da ake bin sa.
Na jera uku, na ɗauke.
Na sake jerawa, na ɗauke.
Lawali ya tsaya da buta a sama, kumfa na zubewa.

Jadi ya ce, ku dubi gabas.
Muka ce a kyale mu, sau uku ke nan satin nan
hadari na haɗowa ta wajen Tasawa,
ya yi baƙi kamar gindin tukunya, ya yi gunaguni,
ya bar mu da baki buɗe, ya kama hanyar wucewa.

Ya ce gwiwata ba ta ƙarya.

Jajayen awakin Cima suka shigo lungu a guje,
ita ko tana bin igiya tana kwashe shanya,
'yan kabu-kabu sun ƙara wuta,
leda ta tashi sama ta fi shirwa nisa.
Ni ban ɗaga kai ba:
tsakuwa uku suka rage masa, kara ɗaya zan gusa,
magana ta zo ƙarewa.

Na ɗaga hannu.
Ɗigo ya faɗo cikin ramin da zan sa karan,
ya yi ɗan tabo kamar dala.
Na biyu a wuyana.
Na uku ban ƙirga ba, sama ta ɓalle da zubowa.

Gurabe talatin suka zama kududdufi ɗaya,
karana na iyo, ya nufi kwalbati.
Nomau ya ɗaga hannu sama, ruwa na bin gemunsa,
ya ce Allah ya raba gardama!
Na ce ƙarya ne, akwai shaidu!
Shaidun sun ruga da furno, ba mai waiwayowa.

A shagonsa muka fake, ƙarƙashin kwano,
ba mai jin maganar wani,
sai haƙora kawai, da ƙamshin ƙasa,
da kofi ɗaya na shayi mai ɗaci yana zagayawa.
Jadi ya ce jibi yana Jiratawa da irin gero,
dara sai bayan shuka, in da rai da rabon ganawa.

Da dare kwaɗi suka buɗe kasuwa ta wajen Gulbi.
Na tuɓe riga, na ji abu a aljihu,
ashe karan nan ne guda, wanda ban kai ga ajiyewa ba.
Mai ɗakina ta ce in jefar.
Na soke shi a bayan madubi.
Ƙasa ta yi laushi yanzu, Nomau,
rami ba zai yi wuyar tonawa.